Ni da Ɗan Inna a Ƙasar Ƙanƙara

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A gidan biki a tare ni, a kasuwar Kwari a tare ni, har Hajiya Bilki mai atamfa ta aiko takanas a tambaye ni ko da gaske ne an gan ni a hoto da hijabi ina gangarowa daga kan dutse a kan alluna biyu. Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni in ji da kasuwata.

Kun san nakan je Guangzhou sari. In ɗebi rigunan yara a kasuwar Shahe, in sa a ɗinka mini wandunan jins a Xintang, in loda in dawo. A wannan zuwan, na lokacin sanyin da ya biyo bayan wasannin Olamfik, sai lawban, wato mai masana'antar, ya yi mini alkawarin zai gama kayana kafin bikin sabuwar shekararsu. Da na je karɓa sai na tarar da ƙofa a garƙame, an manna mata jar takarda, tela ko ɗaya babu, duk sun tafi ƙauyukansu. Mutanen nan in bikinsu ya zo, ko zinariya kika ɗauko ba mai buɗe miki shago. Komawa gida ba kaya ba ta taso ba, sai zaman jira.

Akwai yaro a garin, yana shekararsa ta ƙarshe a karatun injiniya. Ni na haife shi, shi ne na fari. Kun san gidanmu, fillancin ya gudu amma kunyar tana nan daram: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna shi da baki. Ana yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke abinta, a ɗakinta ya girma. Shi Hajiya yake ce mini, ni kuma "kai" nake ce masa, in ina maganarsa da wasu in ce ɗan Inna. Duk zuwana shi ke yi mini tafinta a kasuwa. "Kai, tambaye shi nawa dozin." "Hajiya, ya ce meyo, babu wannan kalar." Iyakar hirarmu ke nan. Inna ta rasu da daminar da ta wuce, yana can bai samu zuwa ba.

Ɗaki ɗaya muke kamawa da Hajiya Rakiya 'yar Maraɗi, a lungun bayan ginin Tianxiu inda masu aika kaya suke da ofisoshi. Ita ba ruwanta da wannan kunyar, tun daga bakin layi take kwaɗa masa kira. Wata rana ina tuƙa mana tuwo a kan ɗan risho, ta zauna a bakin gado ta ce:

"Hajiya Asabe, kin san Nasiru ba shi komawa gida?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Wani kamhwani ya ba shi aiki nan. Na ce mishi, ɗana, ba ka marmarin Kano? Ya ce, Hajiya Rakiya, wurin wa zan koma, Inna ta rasu. Haka ya hwaɗa mini wallahi, kuma ba da hushi ba."

Na ci gaba da tuƙi har tuwon ya yi ƙarfin da ba ya ciwuwa. Wurin wa zai koma! Ga ni da raina da lafiyata. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, amma maganar ta yi mini ciwo irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fita da Inna.

Rakiya ba ta tsaya nan ba. Ta ce ya shirya tafiya arewa da abokansa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai abokan suka janye, ya rage shi kaɗai. "Kasuwa na ruhe, mi kika tsare nan? Ɗauki walis ɗinki, ki zuba kaya, ki bi ɗanki, ki hwaɗa mishi yana da uwa."

Da ya zo gaishe mu da yamma, na kalli bango na ce, "An ce wasu za su je ganin ƙanƙara. In da wuri da mutum ya bi."

Ya daɗe yana dubana. "Hajiya, akwai sanyi fa."

Na ce, "Ni da na yi Disamba a Jos?"

Allah Ya yafe mini wannan cika bakin.

Ya shimfiɗa taswira a kan gado ya nuna mana tsarinsa. Masu hali jirgin sama suke hawa, su sauka su ɗauki hayar mota. Mu namu jirgin ƙasa ne, da bas, da ƙafa. Duwatsu uku ya zaɓa, kuma ba don sun fi suna ba, sai don kowanne akwai bas da ke zuwa gindinsa daga tasha: ƙarami a kusa da Beijing don koyo, matsakaici a wajen Jilin, babba a gaba da Harbin. Ba za mu sayi kayan wasa ba, haya za mu riƙa yi, ta yini guda. Ba za mu je ranakun da 'yan birni ke cika wuri ba. Tashi kuwa sai ranar bikin kanta, don a ranar kowa ya riga ya isa gida, jirgi ya yi sauƙi. Na saurare shi har ƙarshe, a raina na ce wannan kan nawa ne, ba na babansa ba. A fili kuwa cewa na yi, "To."

Ni ma na yi nawa shirin. Na ɗaure kilishi, da yaji, da dabino, da garin kunun gyaɗa. Sannan na zaro samfurin wandunan jins ɗina masu kauri na cusa a jaka, don a sanina ba yadin da ya kai jins ƙarfi. Ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi, ya rufe.

A jirgi ya kai ni wani ɗan gado mai hawa, ya ajiye mini jaka, ya ce nasa wurin yana gaba. Sai da gari ya waye na bi taragu ina nemansa in ba shi kunu, na same shi a can cikin masu kujerar zaune, ya takure tsakanin buhunan mutane, kansa a kan gwiwa. Ashe gado ɗaya ya saya. Na tsaya a kansa da kofi a hannu, maganar da Rakiya ta aiko ni da ita ta zo har maƙogwaro. Ya farka, na ce, "Kai, karɓi, zai huce."

Maƙwabtana a taragu mutanen kirki ne, sai dai tambaya. Wata mata ta kama hannuna ta murza da yatsa ta duba ko baƙin zai fita, da ta ga lallena kuma ta kira ƙawayenta. Wani tsoho mai ɓare 'ya'yan wani fure masu kama da agushi da haƙora daga safe har yamma, da ya ga na tayar da salla a zaune, sai ya tsaya a bakin hanya ya riƙa kora masu wucewa da hannu har na sallame. Iyakar ƙasa ba mu tsallaka ko ɗaya ba, amma tun bayan wasannin nan kowace tasha iyaka ce ga baƙo: a ja mu gefe, a juya fasfo, a dubi hoto a dube ni. Yaron zai yi musu magana da yarensu tiryan-tiryan, sai ka ga fuska ta saki, har a ɗaukar mini jaka.

Dutsen farko shi ya koya mini hankali. Na saka jins biyu a ƙarƙashin zane, na ɗora suwaita, na zumbula hijabi. Aka kawo takalman wasan, masu tauri kamar an zuba ƙafa a turmi, aka ɗaura mini alluna biyu dogaye, aka ba ni sanduna. Ina miƙewa ƙasa ta gudu ta bar ni. Yara ƙanana suna wuce ni fuu, ni ina kwance ina salati.

"Hajiya, ki haɗa bakin allunan, ki ware bayansu," in ji shi. Ya miƙo hannu zai kama ni, sai ya tuna, ya janye. Ya miƙo mini sandarsa, na riƙe ƙarshe ya riƙe ƙarshe, yana tafiya da baya yana jana a hankali. Haka muka yini, sanda a tsakaninmu. Kafin la'asar na iya gangarowa daga inda aka ware wa yara ba tare da na faɗi ba, kuma a nan aka ɗauki hoton da ya dame ku.

Abin da ban sani ba shi ne jins yana shan ruwa kamar soso. Duk faɗuwar da na yi ya sha ya ƙoshi. Muna tsaye a bakin titi muna jiran bas sai ya daskare a jikina, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Bas ya zo, na ɗaga ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sai da wasu mata biyu suka ciccibe ni suka shigar, suka jingina ni da kujera kamar tabarmar da aka naɗe. Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Na waiwaya in yi masifa, sai na ga ɗan Inna shi ma ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Da ta ƙwace masa, dariyar Inna ce sak, har da ɗan shaƙuwar nan ta ƙarshe. Na fasa masifar. Washegari ya kai ni kasuwa aka saya mini wando mai auduga a ciki irin na tsofaffinsu, mummuna ne amma ya fi mini duk kayan lefena amfani.

Abinci bai ba mu wahala yadda na zata ba. Duk garin da muka sauka sai ya nemo shago mai koren allo da rubutun larabci, na Musulmin ƙasar, masu jan taliya da hannu. A Jilin mai shagon, wani dattijo mai farar hula, ya yi mana sallama cikakkiya, ya ga ina barbaɗa yaji a romo ya ce a ɗanɗana masa. Ya lasa, hawaye suka zubo, ya ɗaga babban yatsa, ya ɗauko takarda ya ce in zuba masa na gobe.

Masauki ne ya so ya ba mu kunya a dutse na biyu. Otal ɗin da muka dosa suna ganinmu suka ce meyo, ba su da izinin saukar baƙin waje. Na gaba ma haka. Direban bas ɗin da ya kawo mu ya tausaya, ya kai mu gidan yayarsa a ƙauyen gindin dutse, mace mai kamar shekaruna. Ɗan Inna Ayi yake ce mata, wato gwaggo.

Ina shiga ɗakinta na tsaya cak. Rabin ɗakin gado ne na ginin tubali, ana hura wuta a ƙarƙashinsa daga madafa. A kai suke zama, a kai suke ci, a kai suke kwana, mace da namiji da baƙo. Su a wurinsu gadon kowa ne, mu kuwa a gida mai jego kaɗai ake yi wa irinsa. Na hau, ɗumin ya ratsa bayana, sai ga ni a ɗakin Inna ina yarinya ɗanya, garwashi a ƙarƙashina, jariri a gefena ina satar kallonsa in ba kowa. Rabona da irin gadon nan tun jegonsa. Ga shi yanzu a bakin gadon da gemunsa yana kwance igiyar takalmi. Na ce a raina yau zan faɗa masa.

Ayi ta kawo shayi da dafaffen ƙwai, ta ɗauko hoton ɗanta. Shi ke nan gare ta, yana aiki a wata masana'anta a kudu, bana bai samu zuwa biki ba. Sunansa ba ya barin bakinta, ta kira shi ta shafa hoton, ta kira shi ta sumbaci hoton. Na ce oh, wata ƙasa, wata al'ada. Sai ta nuna mu ta yi tambaya.

Ya ce, "Hajiya, tana tambaya ko ni ɗanki ne."

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya ba da amsar da ya saba bayarwa tun yana zanen goyo. Na ce, "Ce mata ƙanena ne. Ɗan Inna."

Ya juya ya fassara mata, bai rage ba bai ƙara ba. A gida in na faɗi haka kowa ya san abin da ake nufi, a yi murmushi a wuce. A nan kuwa ba wanda ya san wasan, kuma da bakinsa na sa ya faɗa. Ayi ta dube ni ta dube shi ta yi wata magana. Ya ce, "Ta ce muna kama." Sannan ya miƙe ya ce zai taya mai gidan ɗebo itace.

Daga ranar ya koma mini ladabi zalla. Hajiya ga ruwan alwala, Hajiya ga tikitinki, Hajiya a taka a hankali. Dariya ta ɗauke. A dutsen ya haɗa ni da wata mai koyarwa ya tafi nasa wasan. Na gwammace ya yi mini tsawa.

Harbin kuwa, ku manta da Jos. Numfashi yana daskarewa a gashin ido. Kifi a jere a bakin titi kamar itacen sayarwa, askirim a kwali a ƙasa ba firji, kuma a cikin wannan sanyin suke saye suna sha. Ban ji daɗin kallon ba, hankalina yana kan wanda ke tafe a gabana da jakunkuna biyu. A bas ɗin da zai kai mu dutse na ƙarshe, yana kallon taga ya ce, "Hajiya, in mun koma zan karɓi aikin nan. Na ce gara ki ji daga bakina."

Na ce, "Allah Ya sa alheri." Abin da ya fito ke nan.

Babban dutsen ban ko yi marmarin hawansa ba. Na zauna a zauren da ake hayar kaya, kusa da taga. Ya karɓi jar riga ta haya da hula da tabarau, ya ce in an tashi mu haɗu a nan. Na bi shi da ido har ya hau kujerar lilon da ke ɗaukar mutane a igiyar ƙarfe zuwa sama, ya shige cikin hazo.

Bayan azahar iska ta taso. Dusa ta riƙa zuba a karkace har dutsen ya ɓace. Lilon ya tsaya. Lasifika ta kama magana da sauri-sauri, ni kuma ba mai fassara mini. Mutane suka fara gangarowa a gurguje, na fita na tsaya a bakin fili. Ni duk zatona baƙin mutum a cikin farin wuri ba ya ɓata. Ashe kowa ya rufe fuska ruf, hula da tabarau da ƙyalle har hanci, kuma jar rigar hayar nan rabin mutanen ita ce a jikinsu. Ina tsaye sai ga ma'aikata sun jawo wani a kwance a kan abin ɗaukar majinyaci, an lulluɓe shi, jan hannun riga yana leƙowa.

Ban san na iya gudu a kan ƙanƙara ba. Ina gudu ina cewa, "Kai! Kai!" Na ture wani ma'aikaci na yaye bargon. Wani saurayi ne ɗan ƙasar, yana riƙe da kafaɗa yana nishi. Na sake shi na juya. Jajayen riguna ta ko'ina, suna shiga hazo suna fita. "Kai! Kai, yaro!" Wa zai waiwayo? Kowa a wurin kai ne. Na tuna abin da na sa shi ya faɗa a ɗakin Ayi, na ce in wani abu ya same shi a dutsen nan, da wannan maganar zai tafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ba ya barin wurin kunya.

Na buɗe murya iyakar ƙarfina.

"Nasiru!"

Sunan ya fita da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na sake. "Nasiru! Nasiru!"

Wani mai jar riga da ke tsaye ba nisa, yana ta dube-dube wajen zauren, ya daskare a inda yake. Ya juya hagu, ya juya dama, sannan ya juyo gare ni. Ya ɗaga tabarau a hankali. Ya tako da takalman nan masu nauyi har gabana, dusa ta yi fari a girarsa.

"Hajiya, ke ce?" in ji shi. "Na ji, amma ban gane muryar ba. Ban taɓa jin sa a bakinki ba."

Na zauna daɓas a cikin dusa. Ya durƙusa. Wannan karon bai miƙo sanda ba, hannuwana biyu ya kama ya cusa a cikin rigarsa don su yi ɗumi. Ina kuka, hawayen suna daskarewa, ina masifa: ina ka shiga, ka san ba na jin yarensu, ka san ba ni da wani babba sai kai. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Sake faɗa."

Na ce, "Kai, ba ka da kunya?"

Ya kafe ni da ido yana jira. Na dubi gefe, ba Bahaushe ko ɗaya a dutsen nan balle a kai labari gida. Na faɗa masa sunan a hankali, yadda na riƙa faɗa a zuciyata tun ranar suna.

Ya ce, "Na'am."

Sauran tafiyar ba wani labari. Mun komo kudu a taragu ɗaya, a kujerar zaune mu biyu, don na ce ba zan hau gado in bar shi ba. Lawban ya buɗe, kayana suka fito, Rakiya ta dube mu sau ɗaya ta ce, "Alhamdulillahi," ba ta tambayi komai ba.

Na san abin da za ku tambaya. Aikin ya karɓa, na kuma sa masa albarka da zuciya ɗaya, amma ya ce babbar Salla a Kano zai yi ta, a gidana zai sauka. Duk Juma'a yana kira. Sai dai ya ɓullo da wata fitina: in na ɗauka na yi sallama, zai amsa, daga nan ya yi gum, kuɗin waya yana tafiya. Ko ina tsakiyar shago ne, ko a gaban surukai, ba zai ce uffan ba. Sai na tashi na shiga lungu, na kare baki da mayafi na ce, "Nasiru." Sannan ya fara magana.